Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Batura Suka Mutu

Makon jiya na tsaya a inda muka tare a sabon gida, can inda turakun wuta ba su kai ba.

Ranar da aka ɗora farantan sola 4 a kan rufi, Baba ya daɗe a tsaye yana kallonsu. Na ce, "Baba, daga yau ba na neman kowa a kan wuta." Bai tanka ba sai da ya juya zai tafi: "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka." Wallahi na ji zafin maganar, domin gumina ne a kan rufin nan, babu sisin kowa, har da Yaya da ke yawo yana cewa na ƙona dukiya.

Batura 4 aka saka mini masu ruwa, kowanne bolt 12, aka haɗa su bibbiyu suka ba da 24. Wanda ya yi aikin, har yau ban yafe masa ba. Bai faɗa mini cewa irin wannan batir ba a zuƙe shi ya wuce rabi ba, bai ce a riƙa duba ruwansa ana ƙara tataccen ruwa ba. Ni kuwa firji kwana yake yana aiki, ga injin jan ruwa. Damina ta zo, hadari ya rufe rana kwana da kwanaki, farantan ba sa kawo abin kirki. Wani dare inbata, na'urar da ke juya wutar batura ta zama irin ta gida, ta yi ƙara, gida ya yi ɗif.

Allurar insulin ta Inna tana cikin firjin, ita kuwa wadda ba a buɗe ba sai sanyin digiri 2 zuwa 8. Maƙwabcin da na taɓa hana cajin waya, na ce wutata a ƙidaye take, shi ya turo janaretansa a baro cikin ruwan sama. Mako 3 janaretan yana gidana.

Bayan rasuwar Baba na koma batirin litiyam, ina wanke ƙurar farantan da hannuna, wuta ba ta sake yanke mini ba. Yaya ya zo ya gani, bai ce uffan ba. Amma daren can, ina riƙe wa maƙwabcina tocila yana jan igiyar janareta, jinkar Baba ce kawai a raina. Da gari ya waye ban je na faɗa wa Baba ba, kuma ban taɓa faɗa ba.

Mako mai zuwa, rigimar rijiya.