Gangarar Hawan Kibo da keken tsere, da robar birkin da ta kusa kashe ni

Har yanzu in na tuna mai gyaran nan raina ɓaci yake wallahi. Ba zan faɗi sunansa ko unguwar da shagonsa yake ba, amma mutum ne da na kai masa kekena nace masa ƙarara Hawan Kibo, doguwar gangarar nan ta hanyar Jos zuwa Akwanga, zan sauka da shi, ka sa min robar birki mai kyau ko nawa ce zan biya, ya karɓi kuɗin mai kyau ya ɗaura min irin ta keken yara wadda ake sayarwa a ƙulle cikin leda. A ido ba ka ganewa, baƙa ce kamar kowacce, a cikin gari ma tana kamawa lafiya lau, shi yasa hankalina bai kai wajen ba sam.

Duk wanda na faɗa wa tafiyar tambaya ɗaya yake min, ya za ka yi ka hawo in ka sauka? Babu wanda ya tambaye ni ya zan sauka, ko mutum ɗaya, har waɗanda suka girme ni a harkar.

Mun tashi daga Jos bayan sallar asuba ni da wani abokina, lokacin hunturu ne, wanda ya san Jos ya san me nake nufi, gari ne da ke sama da mita 1,200 daga teku, yatsu har ƙagewa suke a kan birki. Daga Bukuru zuwa Mararrabar Jama'a ba wani labari, motoci ne da hayaƙi, sai ka bar shataletalen ka kama hanyar Riyom sannan ƙasar take buɗewa. Gaskiya wajen nan kaɗai ya isa mutum ya fito dominsa. Tudu ka hau ka sauka ka sake hawa, duwatsu a ɗore kan juna kamar da hannu aka jera su, gidajen Birom da shingensu na kyarana, gonakin acca an riga an girbe, can gefe tafkunan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa, ruwan shuɗi shar amma kar wanda ya ruɗe ka ka shiga, zurfinsu ba na wasa ba ne. Iska ce kawai matsala a saman nan, babu bishiyoyin da za su tare maka ita, in ta zo ta gefe sai kaji keken yana neman ficewa daga ƙarƙashinka.

To sai gangarar.

Farkonta daɗi, ƙarya ne ince ba daɗi. Ka daina taka feda, sanyin yana raguwa kana ji a jikinka, ƙasa tana buɗewa a gabanka har inda ido ya tsaya. Amma hanyar nan ta manyan motoci ce masu zuwa Akwanga da Abuja, tirela da tanka a jere suna rarrafe da giya ta ƙasa, warin birkinsu ya cika ko'ina, ga kwana kan kwana, ga ramuka a bakin kwalta inda mu masu keke muke bi. Ba yanda za ka sake keken ya tafi, dole hannunka na kan birki. Ban yi nisa ba naji ƙarar ta canza, daga shuuu ta koma wani irin ƙiii mai shiga kunne, sai kuma naji ina matsewa har hannun birkin yana taɓa kan keken amma gudun bai ragu ba yanda ya kamata. Tirela a gabana, wata a bayana tana hon. Na ƙara matsewa da duk ƙarfina gaba da baya ina salati, can sai fam! tayar baya ta fashe, rim, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, ya hau kwalta yana ja yana wutsil-wutsil, Allah ne kaɗai ya sa wajen miƙaƙƙe ne ba kwana ba, na samu na ja gefe na faɗa cikin tsakuwa da ciyawa. Gwiwa da gwiwar hannu suka ɗaye, hular kwano ta tsage ta gefe. Direban bayan ya wuce yana ɗaga min hannu yana faɗin wani abu da ban ji ba.

Da na kai hannu kan rim ɗin sai da na janye da sauri, zafi kamar murfin tukunyar da ke kan wuta. Robar kuwa ta narke ta shafe a jikin ƙarfen, abun da ya rage a jikin birkin ya yi sulɓi yana ƙyalli. Abokina da muka sauko tare, nauyinmu kusan ɗaya, irin birkinmu ɗaya, nasa rim ɗin ya yi zafi shi ma amma robarsa ƙalau take. Nan na gane abun da aka yi min.

Ga yanda abun yake ga wanda bai taɓa sauka doguwar gangara ba. Birkin da ke kama rim duk gudun da ya rage maka zafi yake mayar da shi, zafin nan kuma a rim yake taruwa, tub ɗinka yana kwance a jikin rim ɗin. Iskar ciki ta ɗau zafi ta ƙara ƙarfi, tub ɗin ya yi laushi, siririyar tayar tsere da ma an cika ta tam, to ina za ta je? Roba mai kyau tana jure zafin tana ci gaba da kamawa, sai ka ɗan matsa ka saki. Ta banza kuwa da ta ji zafi sai ta yi santsi, kai kuma dole ka riƙe ta ba saki tunda ba ta tsayar da kai, riƙewar kuma ita ke ƙara zafin. Mai gyaran nan ya san wannan sarai, aikinsa ne, saboda ɗan canjin da bai taka kara ya karya ba ya tura ni Hawan Kibo da ita.

Wata mama mai sayar da ayaba a bakin hanya ce ta zo da ruwa a roba ta wanke min ciwon, tana ta sannu ɗana, sannu, Allah ya tsare gaba. Nace Mama nawa ne ruwan, ta harare ni tace in rufa mata asiri. Wani dattijo mai akori-kura da ya sauke kabeji zai koma sama shi ya ɗauke mu da kekunan. A hanya yake ce min, yaro mu da muke da giya ma tsoron wajen nan muke, da giya ake sauka ba da birki ba, ku da ba ku da injin da zai riƙe ku sai ku riƙa tsayawa. Nace Baba wallahi gaskiya ne. Ruwan Assop mai zubowa daga kan dutse da muka fito gani yana nan ƙasa kaɗan, ranar ko ƙararsa ban ji ba. Rim ya tafi, taya ta tafi, hula ta tafi, duk na sake saye.

Yanzu ni da hannuna nake sa robar birkina, a kwalinta nake saye in buɗe da kaina, in mai gyara ne zai sa to ina tsaye a kansa, ya ji haushi in ya ga dama. Kafin gangara irin wannan ina rage iskar taya kaɗan tun daga sama. Birkin gaba shi ne na gaske, shi ke tsayar da keke, mutane suna tsoronsa suna manne wa na baya har ya ƙone, ka ja jikinka baya a kan sirdi ka matsa da ƙarfi kafin kwana ka saki, ba ka riƙe shi sako-sako tun daga sama har ƙasa ba. Kuma ka tsaya. Ka sami fili ka sauka ka taɓa rim, in ba ka iya barin yatsa a kai to ka sha ruwa ka jira, ba wanda ke ba da kyauta a ƙasa. Kar ka bi bayan tirela kurkusa, kar kuma ka yarda wata ta zauna a bayanka, ka ba ta hanya ta wuce, birkinsu ma yana tsinkewa a wajen nan kowa ya sani. Masu birkin faifai, wanda ke kama faifan ƙarfe a tsakiyar taya ba rim ba, kun fi mu sauƙi tunda zafin ba ya kai wa taya, amma shi ma yana sanyin kamu in an riƙe shi da yawa. Sannan yankin Riyom ka tambayi mutanen wajen halin da ake ciki kafin ka fito, ka tsaya a shingen jami'an tsaro ka gaisa, ka tabbata ka dawo sama da sauran rana.

Na koma bayan ciwon ya warke, da sabuwar roba, na sauka lafiya na zauna a bakin ruwan Assop har na gaji, sannan na hawo a kan keken da ƙarfin ƙafata. Hawan da ake ta tsorata ni da shi wahala ce kawai, ka sa giya mafi sauƙi ka zauna ka riƙa juyawa, ƙasa akwai zafi sosai ba kamar Jos ba don haka ka cika gorunanka tun daga can, yaran ƙauye suna binka da gudu suna ihu wani har ya tura ka. Da na kai sama cinyoyina rawa suke amma daɗin da naji ba ya faɗuwa. Mai gyaran na kai masa narkakkiyar robar na ajiye masa a kan benci, ya juya ta ya juya yace wai kamfani ne, haka suke zuwa yanzu.