Kwari a gidan burodi

Asabar, Montreal

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fita, sanyi kamar zai tsinke wa mutum kunne. Jirgin ƙarƙashin ƙasa bai fara aiki ba, sai bas ɗin dare na bi. Ko da na isa gidan burodin da nake ɗan taɓa aiki ranakun hutu, ƙanƙara ta daskare mini a gashin baki.

Maigidan dattijo ne ɗan Kebek, lardin Kanada mai Faransanci da Montreal ke ciki. Yana da wata tsohuwar rediyo mai cin faifai a saman firji, gari ya lulluɓe ta fari fat. Yau ya sa wani faifai da ban taɓa ji ba: jita na kuka, fiyano na bin ta a sannu, makaɗa biyu na dukan ganguna, ga wata siririyar murya a sama. Na kai minti goma ina murza kwaɓi kafin na gane ashe Faransanci ake yi. Ni da na yi lakwal a Damagaram, har aka sha rataya mini ƙashi a wuya don na yi Hausa a aji! Faransancin mutanen nan dai har yau sai na kasa kunne sosai.

Na ce, "Maigida, su wane ne waɗannan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan garin da muke ciki. Ya ce Karkwa. Ya sa yatsa cikin garin da ke kan tebur ya rubuta "carquois", ya ce kalmar ce suka rubuta yadda ake furta ta. Kwari ke nan, irin wanda maharbi ke zuba kibau. Na yi dariya na ce mu ma kwari muke cewa, saura kaɗan sunan ya zama namu. Ya yi ta maimaitawa, "kwari, kwari", har burodin farko ya kusa ƙonewa.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Su biyar ne, sun haɗu a 1998 suna samari. Louis-Jean Cormier ne mai waƙa da jita, François Lafontaine a fiyano. Faifansu na farko ya fito a 2003, na biyu a 2005, na uku a 2008, kuma ba su bi ta manyan kamfanonin waƙa na duniya ba, da wani kamfanin Montreal mai zaman kansa, Audiogram, suka yi aiki. Duk wannan a gurguje ya faɗa. Inda ya tsaya, har ya ajiye wuƙar tsaga burodi, shi ne 2010.

A shekarar suka fitar da Les Chemins de verre, wanda suka naɗi yawancinsa a wani situdiyo kusa da Paris lokacin da suke zagayen wasa a Faransa. A watan Satumba, a Toronto, faifan ya ci lambar Polaris, wadda masu sharhin waƙa ke bai wa faifan da ya fi a Kanada ba tare da duba yawan ciniki ba. Dala dubu 20 ce kyautar a lokacin. Tun da aka fara ba da ita a 2006, ranar ce farkon da faifan Faransanci ya ci. Maigida ya ce, "Samari, a garin masu Turanci fa, kuma rabin zauren ba su san me ake faɗa ba." Idonsa ya kawo ruwa. Na yi kamar ban gani ba, na ci gaba da jera tire.

Na san wannan ciwon. Mutanen Kebek ƴan tsiraru ne a nahiyar da Turanci ya mamaye, har doka ta tilasta wa gidajen rediyon Faransanci su sa kashi 65 cikin ɗari na waƙoƙin da suke kunnawa da Faransanci. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, harshen da aka hana ni Hausa dominsa, shi ne a nan ake lallaɓawa kamar jinjiri kada ya mutu. Ban faɗa masa ba. Ina zan fara?

Bayan lambar da ɗan lokaci sai suka rataye kwarin, daidai lokacin da kasuwarsu ke ci. Cormier ya fitar da nasa faifan shi kaɗai a 2012, ya zama tauraro, har ya zauna kujerar alƙalanci a gasar waƙa ta talabijin. Maigida bai yafe masa wannan ba, ya ce an mai da shi ɗan tallan murmushi. Ni ban ga laifinsa ba, mutum ai sai ya ci abinci. A wajenmu makaɗi ne ke da suna, ƴan amshi na bayansa, in ya tafi shi ke nan. Su kuwa sunan na su biyar ne, shi ya sa babu wanda ya ɗauke shi ya tafi da shi. Sai a 2023 suka sake haɗuwa, su biyar ɗin dai, suka fitar da Dans la seconde, shekara 13 bayan na baya.

Da na tashi ya ciro faifan, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ƙara masa gari maimakon ya rage, ya ce in dawo da shi Asabar mai zuwa. Ban da abin kunna faifai a ɗakina, kunya ta hana ni faɗa. A waya na nemo shi bayan la'asar, ina shan shayi. Gaskiya wasu waƙoƙin sun yi mini tsawo, akwai inda na yi gyangyaɗi. Amma gangunan nan biyu sun kama ni, ɗaya na tafiya ɗaya na zolayarta.

Na tura wa ƙanena waƙa ɗaya. Ya amsa da saƙon murya: "Yaya, wannan kiɗan makoki ne ko sanyi ne ya taɓa ka?"

Faifan na kan tebur, na sa shi cikin leda kada garin ya ɓata mini littattafai.