TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 17: Bashin asibiti

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya ne a inda aka sallamo uwargida bayan aikin afendis ɗin da aka yi mata cikin dare, ƙarshen 2020, korona na kan ganiyarta a nan Kolombos ta jihar Ohayo. To yau ga abin da ya biyo baya, wanda wallahi ya fi daren aikin daɗewa a jikina.

A Amurka tun 1986 doka ta hana sashen gaggawa ya kori mara lafiya don ba shi da kuɗi, ba wanda ya ce mu ajiye ko sisi kafin a shiga da ita tiyata, wannan kam na yaba musu. Amma takarda na nan tafe. Ni kuma lokacin na bar aikin wani sito na koma wani, inshorar sabon wurin sai ka yi wata uku take farawa, a wannan tsakanin ciwon ya zo. Bil uku aka aiko, na asibiti daban, na likitan da ya yi mata allurar barci daban, na motar da ta ɗauko ta daga gida shi ma daban, tafiyar da ba ta kai daga Kurna zuwa Sabon Gari ba.

Ranar Juma'a bayan an idar wani dattijo ɗan Kumasi da duk muke kira Baba ya ga na yi shiru ya ja ni gefe. Na nuna masa takardun. Ya ce, "Ɗana, asibitin nan na 'yan kasuwa ne ko irin wanda ba don riba aka kafa shi ba?" Na ce na biyun ne Baba. Ya ce to dokar inshorar Obama ta 2010 ta wajabta musu tsarin rangwame ga marasa ƙarfi, kana da kwana 240 daga bil na farko, Litinin ka je ka ce a ba ka fom. Na je da takardun albashi da na haraji, kuma alhamdu lillahi suka yafe kaso mafi tsoka. Allah ya saka wa Baba da alheri. Sai dai rangwamen bai shafi likitan barci da masu mota ba, tunda kamfanoninsu daban, su kuwa da suka ga biya na tafiyar hawainiya sai suka miƙa ni ga masu karɓar bashi, waya ba dare ba rana.

Ga wanda yake gida bari in yi bayani kaɗan. Akwai kamfanoni uku, Equifax da Experian da TransUnion, su ke ajiye tarihin bashin kowa, daga nan ake fitar maka da maki tsakanin 300 zuwa 850, shi ake ce wa kiredit sko. Bashin da ya kai hannun masu karɓa yana iya shekara bakwai a rahotonka. Kada ka ce ai ni ba na cin bashin ruwa me ya dame ni, ni ma ba na ci, amma mai gidan haya yana dubawa, kamfanin waya yana dubawa, har wasu masu ɗaukar aiki.

Na gani da idona a 2021 da muka nemi gida mai ɗaki biyu saboda uwargida na da juna biyu. Matar ofishin ta karɓi fom tana fara'a, ta buga lambata a kwamfuta, sai fara'ar ta ragu, ta juyo min da allon ta ɗora biro kan layi biyu, bashin likitan barci da na masu mota, ta ce ko in ninka kuɗin ajiya ko in kawo wanda zai tsaya min. Ban taɓa makarar kuɗin haya ba tunda na zo ƙasar nan, rasit ɗina na hannuna a cikin ambulan, ba ta ko buɗe ba. A mota uwargida ta ce, "Baban yara, ni na ja mana ko?" Wannan maganar ita ta fi ƙona min rai. Mutumin da ya ci bashi ya sayi talabijin shi ya zaɓa, wadda hanjinta ya kusa fashewa da tsakar dare me ta zaɓa? Ba ciniki, ba a gaya maka farashi, ka sa hannu kawai kana addu'a, sannan a ɗauki wannan a auna amanarka da shi. Har gobe ban yarda adalci ba ne.

Adashin da muke yi da 'yan uwa na Najeriya da Nijar da Gana shi ya fitar da ni, suka bar min kwasar farko na biya duka biyun. Amma layukan ba su goge ba, sai dai aka rubuta an biya. Sai a Yulin 2022 kamfanonin uku suka fara cire bashin asibitin da aka riga aka biya, suka kuma mai da jiran shigar da sabo shekara guda maimakon wata shida, a Afrilun 2023 suka cire duk wanda bai kai dala 500 ba. A Janairun 2025 hukumar kare masu cin bashi ta CFPB ta fitar da ƙa'idar cire shi gaba ɗaya, wata kotun tarayya a Tekzas ta soke ta a Yuli. Jihohi irin su Kolorado da Niyok sun yi tasu dokar. Don haka ɗan uwa da ke nan, duba rahotonka, kyauta ne, in ka ga bashin asibitin da ka biya yana nan ka rubuta musu a cire.

Gidan dai bai samu ba a lokacin, a ɗaki ɗaya aka haifi yarinyar. Sati mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin haihuwar da yadda surukata ta samu biza ta zo wankan jego.