Baby Boy ta ƙi tashi a bakin Kantin Kwari

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau na sha rana. Wajen ƙarfe biyu na fito daga Kantin Kwari da atamfofin da uwargida ta aike ni, na shiga mota, sitiyari kamar garwashi. Na murɗa makulli, kik, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, ya juya gir-gir-gir da ƙarfinsa, amma injin ya ƙi kamawa. Na sake, haka. Honda Accord ce ƙirar 2000, wadda ake kira Baby Boy, kuma da safe bugu ɗaya ta tashi.

Kafin ka ce kwabo jama'a sun taru, kowa ya zama makanike. Wani ya ce batir ne, wani ya ce filogi, wani ya tambaye ni ko na sha man 'yan bumburutu. Wasu 'yan dako har sun dafa but za su tura, sai da na ce musu motar otomatik ce.

Na kira makanikena, dattijon da ya san motar nan fiye da ni. Tambayarsa ta farko: "Alhaji, kik ɗin yana juyawa da ƙarfi, ko yana ja da ƙyar?" Na ce da ƙarfi. Ya ce, "To ba batir ba ne, ba kuma kik ba. Ka daina murɗawa kar ka cinye batirin, gani nan."

Da ya sauko daga a-daidaita-sahu bai ɗauko sifana ba. Ya ce in murɗa sau ɗaya, ya kasa kunne. Wai da bel ɗin taimin ne ya tsinke, da injin zai riƙa juyawa sakayau da sauri, ba nauyi. Duk da haka ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ya leƙa, ya ga ƙarafan sama suna motsi. Sai ya zare wayar filogi ɗaya, ya sa mata wani filogi daga aljihunsa, ya jingina shi da jikin injin. Na murɗa, wuta shuɗiya ta yi tsalle, tas-tas. Wuta akwai ke nan. Saura mai.

Nan ne ya koya mini abin da shekara shida ina tuƙa motar ban lura da shi ba. Idan ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa, ba ka kai ga tayarwa ba, famfon mai da ke cikin tanki yana yin ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu. Ya buɗe murfin tanki ya kara kunne, na murɗa. Shiru. Gabana ya faɗi, har na fara lissafin kuɗin famfo a kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa, ga wata ya yi nisa.

Ya ce, "Kar ka yi saurin binne shi, mai yiwuwa wuta ce ba ta kai masa." Fis lafiyarsa ƙalau. Sai ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje, ya lalubo wani ɗan akwati, babban rile mai ba famfo wuta. Ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukudireba ina murɗa makulli. Sai ga gurnanin nan daga baya. Bugu ɗaya ta tashi, mai cewa batir ne ya sulale.

Ashe tsohon ciwon Honda ne na wancan zamanin. Dalmar da ke riƙe da ƙafafun rile ɗin tana tsagewa saboda tsufa, in cikin mota ya ɗau zafi sai tsagar ta buɗe, wuta ta yanke. In ta huce ta koma daidai, shi ya sa da safe ba ta taɓa ba ni matsala. Sai yanzu na tuna sau biyu a watan jiya ta yi mini gardama a gidan mai, na ɗora laifin a kan man.

A gareji, mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota, ya ɓare akwatin, ya nuna mini tsagar, siririya kamar gashi, ta zagaye ƙafa biyu. Ya narka sabuwar dalma a kai, minti goma an gama. Dattijon ya ce in nemi wani rile ɗin in ajiye a mota.

Na iso gida ana kiran magariba. Uwargida ta buɗe leda, ta ce ɗaya daga cikin atamfofin ba kalar da ta ce ba ce. Gobe zan koma Kwari, amma a inuwa zan yi fakin.