Inda na kai da ɗinkin kayan sojan Bama

'Yan'uwa masu koyo, jakunkunan ƙirji biyu da ɗamara sun kammala, saura jakar baya da gidan gorar ruwa. Samfurin 1937 na sojan Ingila nake bi, irin wanda mazan jiyanmu na runduna ta 81 da ta 82 suka ɗaura a dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Na ajiya da nuni ne, kun san kayan soja ba abin yawo da su ba ne a gari.

Kada ku sa fata. Asalin kayan saƙar auduga ce mai kauri, shi ya sa na sayi tamfol a Kasuwar Barci na ninka shi biyu. A kusurwa, inda ninki huɗu ya haɗu, keke ba ya ci. Ku fara huda da ƙusa, sannan ku bi da basilla da zaren da aka goga wa kaki. Kowace jaka tana ɗaukar gidan harsashi biyu na bindigar Bren, kuma gidan a lanƙwashe yake, don haka na sa kafinta ya fafe mini katako a siffarsa, da shi nake gwada ko murfi zai rufu. Ƙarafunan ɗamara kuwa wani maƙeri a Panteka ya yanko mini daga tagulla. Rini kore na yi, domin a can ma rina kakin aka yi ya saje da daji.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai adda ce da gammo. A kwarin Kaladan da ke can Bama, a 1944, mota ba ta da hanyar kirki. Jirgin sama ke jeho abinci da harsashi, sai sojojin dako su ɗora a ka, su hau tudu su gangara cikin kungurmin daji, na gaba suna sare hanya da adda. Su ma sojoji ne cikakku, amma ba kasafai ake tunawa da su ba. Kullum muna wuce barikin Dalet a Kawo, sunan wani wuri ne a Bama, kuma da wuyan waɗannan bayin Allah aka kai kaya irin wuraren nan. Saboda haka na naɗa gammo da ragowar tamfol, zai zauna kusa da kuben adda.

Gorar ruwansu ta ƙarfe ce, an lulluɓe ta da ƙyalle mai kama da bargo. Wanda ya san dabarar ɗinke shi ya kama jikin gora ba tattara, don Allah ya nuna mini kafin in yanka.