Kafin ka jefar da tsohuwar kwamfutarka, kawo ta mu buɗe

Shagona yana bakin kasuwar Ringim, muna buga takardu da fotokofi da duba sakamakon WAEC da NECO, amma yanzu gyaran kwamfuta ne ya fi kawo min mutane. Yawancinsu tokunbo ne, Dell OptiPlex da HP Compaq masu Core 2 Duo ko i3 na da, kuma kukan masu su ɗaya ne, wai sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama tashi ba.

Ni dai buɗe ta nake fara yi. Ƙurar hunturu za ka tarar ta dunƙule a fanka kamar auduga, ga man sanyaya da ke kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya bushe ƙayau, to furosesa in ta ji zafi da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. A hure da bulowa, a shafa sabon mai, wata daga nan ma ta farfaɗo.

Amma babban maganin SSD ne wallahi, wato sabuwar ma'ajiyar bayanai mai maye gurbin had-disk, kuma shi nake ta fama in fahimtar da mutane, don kowa RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, yake zuwa nema. Had-disk faranti ne a ciki yana juyawa sau 7200 a minti, allura na bi tana lalube, in ka kara kunne ma za ka ji tana ƙas-ƙas, shi kuwa SSD ba abin da ke motsi a cikinsa. Ko a tsohon madabod (allon da ake jona komai a kansa) mai tsohon mahaɗi na SATA 2 da ba ya iya kwasar gudunsa duka, bambancin a fili yake. Mai 128GB ya ishi Windows, tsohon had-disk ɗin a bar shi ciki don ajiya.

RAM kuma a kula, OptiPlex 760 nau'in DDR2 take ɗauka, 780 kuma DDR3, tsagarsu ba ɗaya ba ce, kar a danna da ƙarfi. In Windows ɗin mai 32-bit ce, ko ka sa 8GB ba za ta mori abin da ya haura 4 ba.

Akwai kuma ɗan batiri CR2032 da ke riƙe agogo a kan madabod, in ya mutu kwanan wata ya koma baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, mutum ya ɗauka bairos ne.

Sai dai ba na ɓoye wa kowa, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 (wani sashen tsaro a cikin kwamfuta) da furosesar Intel zubi na 8 zuwa sama, waɗannan tsofaffin ba su kai ba. Rubutu da firintin da koyar da yara za su yi maka sosai, harkar banki kam gara a nemi sabuwa. Kuma don Allah duk mai janareto ya sa sitabilaiza, nan ne wuta ke cinye mana su.