Yadda na bi sawun gandayen Ansgar a Littafin Domesday

Duk wanda zai shiga Littafin Domesday, kundin binciken filayen Ingila da masu su, don gano yadda ƙasar Ingila ta fita daga hannun 'yan asalinta ta koma hannun mutanen Normandi ta arewacin Faransa, kada ya yarda da jadawalin da wani ya tace masa. Ya karanta bayanin kowane gandu da idonsa har ƙarshen layi. Wannan abu shi ya cinye mini watanni a kundin digirina na biyu, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Aikina shi ne bin gandayen mutum guda, Ansgar, ɗaya daga cikin manyan fadawan Sarki Edwad, in ga hannun da suka faɗa bayan Yaƙin Hastings na 14 ga Oktoba, 1066, wanda ya ba Wiliyam na Normandi sarautar Ingila. Sarki Wiliyam ya ba da umarnin binciken da ya haifar da littafin a Gloucester lokacin Kirsimetin 1085, aka yi shi a 1086. Littafin yakan faɗi wanda ke riƙe da gandu ranar da Edwad ya rasu, 5 ga Janairu, 1066, sannan wanda ke riƙe da shi a lokacin binciken.

Da farko komai ya tafi sumul. Walden a Essex, Sawbridgeworth a Hertfordshire, Enfield, Edmonton da Northolt a Middlesex, duk na Ansgar ne, duk kuma sun koma wa Geoffrey de Mandeville, ɗaya daga cikin manyan Normandi. Haka Wiliyam ya sha yi: ya ɗauki ƙasar babban mutum ɗungurungum ya ba wani nasa, a rubuta tsohon a matsayin magabacinsa, kamar yadda Ralph Paynel ya samu ta Merleswein.

Matsalar daga jadawalin da wani da ya riga ni a fagen ya ba ni ta taso. Ya zuba duk wurin da sunan Ansgar ya fito a layi ɗaya. Na zana taswira a kai, ta yi kyau ƙwarai, na kai wa malamina. Ya duba ya ce, "Ɗana, waɗannan duk nasa ne, ko na mutanensa?"

Ashe nan gizo ke saƙar. Kafin 1066 mutum na iya yi wa babba caffa, a rubuta shi "mutumin Ansgar", alhali ƙasar tasa ce halak malak. Wani kuma aron ƙasar aka ba shi. Wani hurumin shari'arsa ne kaɗai ke hannun uban gida. Abin da ke rarrabe su 'yan kalmomi ne a ƙarshen bayani: "yana iya sayarwa", "yana iya tafiya da ƙasarsa inda ya so", ko "ba ya iya sayarwa sai da izini". Waɗannan kalmomin su jadawalin ya zubar, don mai shi ya ɗauke su a matsayin surutun magatakarda. Dole na rushe taswirar, na koma gandu bayan gandu.

Da na koma sai na tarar labarin gaba ɗaya a cikin waɗannan 'yan kalmomi yake. Ƙasar wasu mutanen Ansgar ta tafi ga Geoffrey, ta wasu kuma ta faɗa hannun wasu dabam. Manyan Normandi sun riƙa haɗiye gonakin 'yantattun mutane da hujjar cewa sun yi wa magabacinsu caffa, ko da ba shi da ko taki ɗaya a ciki. Jadawalin da ya haɗe komai a layi ɗaya ya maimaita wannan ƙwacen ne a kan takarda, ni kuma saura ƙiris in sa masa hannu.

High Easter a Essex ta fi ba ni mamaki. Shugaban gidan ruhubanawa na Ely ya yi da'awar gandun, shaidun gunduma suka tabbatar cewa na cocin ne a zamanin Edwad, amma Ansgar ke riƙe da shi ranar da sarkin ya rasu. Geoffrey ya gaje shi har da rigimar. Wato ranar guda ta zama ma'auni, ko ta wace hanya mutum ya samu ƙasar kafin ta. A jadawalin nan High Easter tana zaune lafiya lau kusa da Walden, ba ko alama.

Ana cikin haka na ci karo da Ailric na Marsh Gibbon a Buckinghamshire. Ba ya cikin aikina, amma ya tsaya mini a rai. Gandunsa ne a zamanin Edwad. A 1086 haya yake biya wa William fitz Ansculf a kansa, kuma magatakarda ya ƙara cewa cikin ƙunci da wahala yake riƙe da shi. 'Yan asalin ƙasar irin su Thorkell na Arden da Colswein na Lincoln, da suka tsira da manyan gandaye kai tsaye daga sarki, ba su cika yatsun hannu ba.

In yankinka ya shafi Essex, Norfolk ko Suffolk, ka yi sa'a, domin littafin kundi biyu ne, kuma ƙaramin da ya ƙunshi su ukun ya fi babban yalwar bayani. Ka kula da sunaye ma: Ansgar kan fito a matsayin Asgar ko Esgar, kuma Godwin da Wulfric sun yi yawa, sai ka sami hujja kafin ka ce mutum ɗaya ne. Jadawalina na yanzu layi uku gare shi, mai ƙasa, uban gidan caffa, da mai hurumin shari'a, kuma ba na cike gurbi sai na kwafe jimlar Latin ɗin a gefensa.